Takalmi, zobe da takardar bashi: aure da kuɗi a finafinai marasa magana

Tambaya daga wata ɗaliba: “Na kalli wasu tsofaffin finafinan Turawa na zamanin da fim bai fara magana ba, na wajen 1910 zuwa 1920. Kusan duk labarin ɗaya ne: 'yar talakawa, ɗan masu hali, bashi, aure, kuka. Me ya sa suka nace wa wannan labari? Kuma masu shirya su suna bayan talaka ne, ko lallashinsa kawai suke yi?”

Malama, idonki bai yaudare ki ba. Na daɗe ina koyar da tarihin fim, kuma da wuya in nuna wa aji ɗaya daga cikin waɗannan finafinai a rasa wanda zai ce, “To ai wannan fim ɗin Indiya ne aka cire wa waƙa.” Zolaya ce, amma tana da tushe. Amsar tambayarki ta farko ba ta da wuya. A Amurka da Turai na wancan zamani, aure na cikin manyan kasuwannin da dukiya ke sauya hannu, ga mace marar abin hannu kuwa kusan shi ne ƙofa ɗaya tak da za ta bi ta fita daga layin da aka haife ta. Wanda duk ya ɗauko labarin aure ya ɗauko lissafin kuɗi tare da shi, ya so ko ya ƙi. Tambaya ta biyu ce mai buƙatar zama. Dabarar da nake bai wa ɗalibaina ita ce su daina auna fim da yawan hawayen da ke tsakiyarsa, su duba minti 5 na ƙarshe, su tambaya: bashin da labarin ya ciwo, wa ya biya, kuma da me?

Salon kansa ya girmi fim da kusan shekara 100. Turawa na kiransa melodirama, wato wasa mai tafiya da kiɗa, kuma ya kafu ne a dandamalin Faris wajen shekarar 1800, a hannun marubuta irin su Pixérécourt. Kayan aikinsa sanannu ne: baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba, mugu mai riƙe da takardar jinginar gonar ubanta, asirin haihuwa da aka binne, sai ceto a daidai lokacin da aka fid da rai. Fim ya gaji kayan nan ɗungurungum, har da makaɗin, domin ɗakin kallo ba ya zama shiru. Akwai mai fiyano a gefe yana nuna wa zuciyar 'yan kallo inda za ta karye.

Su wa ke kallon? Daga 1905, lokacin da aka buɗe wani ƙaramin gidan kallo a Pittsburgh da ake shiga da santi 5, irin waɗannan ɗakuna suka cika unguwannin ma'aikata. 'Yan kallon leburori ne, da 'yan mata masu tsaron kanti da masu ɗinki a masana'antu, da baƙin da jirgin ruwa ya sauke daga Italiya da Folan da Rasha, da yawansu ko gaisuwa ba su iya da Turanci ba. Fim ɗin kuma gajere ne, naɗin faifai ɗaya, bai cika wuce minti 15 ba. Ki sa kanki a matsayin darakta: ba baki, ba lokaci, masu kallo ba su haɗa harshe ba. Me za ki nuna da kowa zai gane nan take? Doguwar hular siliki da yagaggen mayafi. Falo mai labule da ɗakin haya mai gado ɗaya. Arziki da talauci su ne abin da kyamara ta fi saurin kamawa, don a jikin tufa suke, a jikin bango, a tafin hannu. Soyayya sai an yi mata bayani, yunwa kuwa ana ganinta.

Akwai wani bambanci da mai kallo Bahaushe zai iya tsallakewa, kuma in ya tsallake shi rabin labarin ya kufce masa. A wurinmu namiji ke biyan sadaki, kuma sadakin na matar ne, ita ke da iko da abinta. A gidajen masu hali na Turai ruwan ta wancan gefe yake gangarowa. Iyayen amarya ne ke haɗa ta da dukiya, kuma ba maganar kayan ɗaki ko gara ake yi ba, jari ne na gona ko gida ko tsabar kuɗi da ake rubutawa gaban lauya kafin a sa rana. Doka kuma ta daɗe tana bayan miji. A Ingila sai a 1882 aka yi dokar da ta bai wa matar aure cikakken iko da dukiyarta. A Faransa sai a 1907 matar aure ta samu ikon riƙe albashin da ta nema da guminta. Iyayen 'yan kallon farko sun rayu a ƙarƙashin tsohuwar dokar, sun san abin da kalmar “miji” ke nufi a littafin lissafi.

Jaridu ma ba su bar kowa ya manta ba. Tun daga shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta karya darajar gonakin sarakan Ingila, suka wayi gari da sarauta da katafaren gida, aljihu kuwa wayam. Attajiran Amurka na da kuɗi, asali suke nema. Sai ciniki ya faɗa. A 1895 aka aurar da Consuelo Vanderbilt ga basaraken Marlborough na 9, aka haɗa shi da hannun jarin kamfanin jirgin ƙasa na dala miliyan 2.5, kuɗin da ya taimaka wajen gyara fadarsa ta Blenheim. Yarinyar na da wanda take so, uwarta ce ta tilasta ta, kuma a 1926 coci ta warware auren bisa hujjar cewa na dole ne. Wannan a can sama ke nan. A ƙasa kuma, 'yar tsaron kanti na karɓar albashin da bai isa ci da haya ba. Abin ya kai jihar Massachusetts ta yi dokar mafi ƙarancin albashi ga mata da yara a 1912, a 1913 kuma majalisar dattawan jihar Illinois ta zauna tana binciken ko ƙarancin albashi ne ke tura 'yan mata karuwanci. Tsakanin 'yar attajirin da aka saya wa sarauta da 'yar kantin da ba ta iya sayen takalmi, a nan melodiraman fim ya kafa rumfarsa.

Takalmin na ambata da gangan. In da fim ɗaya kawai za ki kalla a kan wannan batu, ni zan ce ki nemi Shoes na 1916, wanda Lois Weber ta shirya lokacin tana kan gaba a cikin daraktocin kamfanin Universal. Sunan na nufin takalma, kuma a kansu labarin ya tsaya daga farko har ƙarshe. Eva Meyer na tsaron wani kantin kayan araha a kan dala 5 a mako. Ita ke riƙe da gida: uwa, ƙanne mata, da uba wanda ke kwance a gado yana karanta littattafan labari. Duk ƙarshen mako ta miƙa wa uwarta albashin, uwar ta ce mata a bari sai mako mai zuwa a sayi takalmin. Kyamarar Weber takan sauka ƙasa ta tsaya a kan ƙafar yarinyar, ta nuna miki ƙasan takalmin da ya huje, ta nuna yadda take yanka kwali da dare tana shimfiɗawa a ciki, sannan ruwan sama ya zo ya mai da kwalin kunu. A tagar wani kanti da take wucewa kullum akwai sabon takalmi yana kallonta. Akwai kuma wani mawaƙin gidan rawa da ke zuwa kantinsu yana yi mata tayi. Daga ƙarshe ta tsaya gaban tsagaggen madubi ta gyara gashinta, ta fita. Ta dawo gida da sabon takalmi a ƙafa, ta faɗa jikin uwarta tana kuka. A ranar ne uban ya samu aiki.

Ki lura da abin da babu a fim ɗin: babu aure. Babu ɗan attajirin da ya hango ta a bayan kanta, babu kawun da ya mutu ya bar gado. Weber ta ɗauki labarin da aka saba rufewa da zobe, ta cire zoben, sai cinikin ya fito tsirara. Tushen labarin ma daga wani rahoto ne da Jane Addams, mai aikin jin ƙai a Chicago, ta kawo a littafinta na 1912, na wata yarinya da ta sayar da kanta don takalmi. Ba na cewa Weber ta kuɓuta daga wa'azi. Ta ɗora wa uban laifi mai yawa, har mai kallo na iya fita yana zaton da malalacin ya tashi da wuri da komai ya gyaru. Amma in kika yi mata tambayarmu, amsar ba ta da kwana-kwana: Eva ce ta biya, da jikinta, kuma ba wanda ya mayar mata da canji.

Darakta D. W. Griffith hanyarsa daban. Shi ne ya ƙware a dabarar tsallakawa daga wannan wuri zuwa wancan har hotuna biyu su yi gardama da juna. A 1909, shekarar da wani ɗan kasuwar Chicago mai suna James Patten ya kame kasuwar alkama, Griffith ya fitar da A Corner in Wheat, inda yake nuna miki liyafar sarkin alkama, ya yanke ya nuna layin talakawa a gidan burodin da kuɗinsa ya ninka, ya sake komawa liyafa. Ba ya buƙatar ya ce komai. Sai dai ki duba yadda ya rufe: attajirin ya zame ya faɗa rumbu, alkamarsa ta binne shi. Kasuwar tana nan yadda take, manomin na can yana shuka shi kaɗai. Ƙaddara ta hukunta mutum ɗaya, tsarin bai ji ko ƙwarzane ba. Wannan ɗabi'a ta bi Griffith har cikin labaransa na aure. Zan kuma ƙara, ko da a gefe ne, cewa tausayinsa ga talaka a farar fata ya tsaya, don shi ne ya yi fim ɗin 1915 da ya wanke ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan ya ci mutuncin baƙaƙen Amurka.

Babban misalinsa Way Down East ne na 1920, wanda ya sayi haƙƙinsa daga wani tsohon wasan dandamali a kan dala 175,000, a lokacin da mutane da yawa ke ganin wasan ya tsufa tuƙuf. Lillian Gish ce ta fito a Anna Moore, 'yar ƙauye da uwarta ta aika Boston wurin dangi masu kuɗi neman taimako. Ki ga inda labarin ya faro: roƙo. A can wani ɗan masu hali, Lennox Sanderson, ya gan ta, ya shirya ɗaurin auren bogi, ya ce ta rufe maganar don kada ubansa ya yanke masa kuɗi. Da ciki ya bayyana ya gaya mata babu wani aure. Uwarta ta rasu, ta haihu a ɗakin haya, jaririn ya mutu a hannunta bayan ta yi masa baftisma da kanta don ba wanda zai yi. Mai gidan haya ta kore ta. Ta samu aikatau a gidan wani babban manomi mai tsananin addini, Bartlett, ɗansa David ya kamu da sonta. Gulma ta iso, tsohon ya nuna mata ƙofa a daren da dusar ƙanƙara ke zuba, shi kuwa Sanderson na zaune a teburin gidan a matsayin baƙo mai daraja. Kafin ta fita ta juya ta nuna shi da yatsa. A ganina wannan ne wuri mafi ƙarfi a fim ɗin, domin a nan ne ta tambayi abin da ya sa ake korar mace a bar namiji yana cin abinci.

Abin da duniya ta riƙe kuwa shi ne abin da ya biyo baya: Anna a sume a kan falalen ƙanƙara, kogi na jan ta zuwa inda ruwa ke zubowa daga tsauni, David na tsalle daga wannan falale zuwa wancan. An ɗauki wani ɓangare a kogin gaske a jihar Vermont cikin hunturu, Gish ta bar hannunta da gashinta a cikin ruwan sanyi, kuma hannun bai koma daidai ba har ƙarshen rayuwarta. Gwaninta ce ta gaske, ba na musu. Amma ki ga aikin da ƙanƙarar ta yi wa labarin. Tambayar da Anna ta jefa a kan tebur ba a amsa ta ba, an dai wanke yarinyar a kogi har tsohon ya ji kunya ya nemi gafara. Sanderson ya sha ɗan duka, ya yi tayin aurenta na gaske, ta kau da kai, ya tafi da dukiyarsa cif. Aka rufe da ɗaurin aure uku a rana ɗaya. Ladan Anna shi ne ta shiga gidan da ya fi kowane abin hannu a karkarar. Fim ɗin da ya buɗe da tsine wa kuɗin birni ya rufe da aurar da ita ga gona.

Auren bogin ma dabara ce mai kyau a duba. Me ya sa sai an yi wahalar kawo limamin ƙarya da zobe? Domin 'yan kallo, da hukumar tace finafinai da ta fara aiki a New York tun 1909, za su yafe wa yarinyar da aka yaudara tana zaton matar aure ce. Wadda ta san abin da take yi, irin Eva mai takalmi, ba ta da wannan rangwame. Tausayin na da sharaɗi, kuma sharaɗin takarda ce.

Wata dabarar da za ki yi ta cin karo da ita ita ce mutuwa mai zuwa a kan kari. Saki abin kunya ne a idon masu kallo, don haka in labari ya ɗaure mutum da wanda bai dace ba, sai a kira ajali ya yi aikin alƙali. A True Heart Susie na 1919, Susie ta sayar da saniyarta a ɓoye ta biya wa William kuɗin karatu, ya dawo ya zama limamin coci ya auri wata 'yar gayu, Bettina. Ruwan sama ya doki Bettina a wani dare da ta saci jiki ta fita shagali, ta kwanta ciwo ta mutu, hanya ta buɗe wa Susie. A The Golden Chance na Cecil B. DeMille, 1915, 'yar alƙali ce ta auri mashayi ta koma ɗinki, matar da take wa aiki ta ara mata riga da sarƙa don ta ja hankalin wani matashin miloniya da mijin uwar ɗakin nata ke son ƙulla ciniki da shi. Riga kawai aka sauya, kowa ya ɗauka 'yar manya ce, wanda shi kansa magana ce babba a kan abin da ake kira asali. A ƙarshe an kashe mashayin. DeMille dai ya yi abin kirki ɗaya: bai nuna biki ba, ya bar su biyun kowa ya kau da kai, ba a san abin da zai biyo ba.

Akwai kuma reshen da kai tsaye lallashi ne, irin na ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Griffith na da gajeren fim na 1910, Gold Is Not All, inda 'yar talaka ke sha'awar rayuwar 'yar attajiri, auren attajirar ya lalace, a ƙarshe ita ce ke sha'awar gidan talakar. A Amarilly of Clothes-Line Alley na 1918, Mary Pickford ta fito a 'yar mai wankau da ɗan masu kuɗi ya so, innarsa ta gayyaci danginta shan shayi don a yi musu dariya, yarinyar ta tattara ta koma wa saurayinta na unguwa. Irin wannan yana da daɗi ga mai santi 5, yana gaya masa abin da ke hannunsa ya fi. Yana kuma da daɗi ga mai gidan da yake haya.

Rashawa ba su yarda da ceto ba sam. 'Yan kallonsu sun fi son labari ya ƙare a makabarta, har kamfanin Nordisk na Denmark yakan ɗauki ƙarshe biyu, mai daɗi na sauran kasuwanni, mai ɗaci na Rasha. Yevgeni Bauer, wanda ya yi wa kamfanin Khanzhonkov aiki a Mosko har rasuwarsa a 1917, shi ne gwanin wannan fage. A fim ɗinsa na 1916 da sunansa ke nufin “rai a bakin rai”, wata attajira mai masana'anta na da 'ya'ya biyu, Musya ta cikinta da Nata ta riƙo. Yarima Bartinsky, ɗan caca da bashi ya yi wa katutu, Nata yake so, amma 'yar riƙo ba ta da gado. Sai ya auri Musya, aka bai wa Nata wani ɗan kasuwa da ba ta so, aka yi bikin rana ɗaya. Yarima ya hau dukiyar matarsa da ci, ya ci gaba da neman Nata, ya ƙara da buga sa hannun jabu a takardun bashi. Da asiri ya tonu surukar ta ba shi damar ya kashe kansa ya tsira da mutunci, ya ƙi, ta harbe shi da hannunta ta shirya abin kamar shi ya yi. Ba kogi, ba jarumi. Jari ne ya sayi sarauta, ya ga kayan ruɓaɓɓe ne, ya zubar. Ba a cika shekara da fitowar fim ɗin ba aka tumɓuke sarkin Rasha. Bauer na da wani na 1914 a kan 'yar aikin gida da ɗan masu gida ya lalata ya auri wata, aka rufe tana nan tana yi musu hidima. Wannan ya fi harbin ciwo.

A Amurka kuma, wajen 1914 kasuwar ta fara sauya fuska. Fim ya yi tsawo ya kai awa ɗaya da ɗoriya, aka buɗe manyan gidajen kallo irin Strand na New York mai kujeru kusan 3,000, kuɗin shiga ya tashi, matan masu hali suka fara zuwa. Labari ya bi aljihun mai saye. The Cheat na DeMille, wanda ya fito a ƙarshen 1915, ba ya maganar yunwa. Edith Hardy matar dillalin hannun jari ce mai son kwalliya, mijinta ya ce ta ɗan ja birki har jarinsa ya nuna. Ita ce ma'ajin kuɗin agaji na Red Cross, ta ɗebi dala 10,000 ta zuba a hannun jari, suka nutse a dare ɗaya. Wani attajiri ɗan Japan, wanda Sessue Hayakawa ya fito a matsayinsa, ya biya mata a kan sharaɗin da kin sani. Jarin mijin ya yi kyau, ta kawo kuɗin za ta biya, mutumin ya ce shi ba kuɗi ya saya ba, ya ɗauko ƙarfen da yake sa wa kayansa tambari ya yi mata lalas a kafaɗa. Ta harbe shi, mijin ya ɗauki laifin, a kotu ta yaye riga ta nuna tabon, jama'a suka yi ca a kan baƙon.

Babu fim ɗin da ya faɗi fili cewa mace kadara ce kamar wannan, amma ki ga wanda aka miƙa wa takardar biya. Satar kuɗin agaji ta bi ruwa, cacar hannun jarin da mijin ya ci riba da ita ba a ce mata uffan ba, duk ƙazantar cinikin an tattara an ɗora wa baƙo mai wata launin fata. Japanawan Amurka sun yi ƙorafi, da aka sake fitar da fim ɗin a 1918 sai aka mai da mutumin ɗan ƙasar Bama (Myanmar ta yau), kamar dai sunan ƙasar ne matsalar. Daga nan DeMille ya zarce zuwa finafinansa na 1918 zuwa 1920, waɗanda a da dama daga cikinsu Gloria Swanson ce tauraruwa, inda saki ya zama abin raha, maganin auren da ya yi sanyi kuma sabuwar riga da turare. Kanti ya karɓi aikin da kogi ya yi wa Griffith.

To suna bayan talaka ko lallashinsa suke? Hukuncina shi ne yawancinsu suna nuna ciwon da gaskiya, su yi ƙarya a wajen magani. Tsakiyar fim ɗin ta talaka ce, ƙarshensa na mai gidan kallo ne. Ban raina tsakiyar ba kuwa, don yarinyar da ta tsaya awa goma a bayan kanta ta ga huje-hujen takalminta a allo sun fi ta tsayi, kuma ɗaruruwan mutane sun yi shiru suna kallo. Sai dai ki riƙe hukuncin nan da sassauci, domin wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace. Da ragowar muke shari'a. Abin dariya kuma, mata da suka fi kowa fita daga talauci a wannan zamani su ne masu fitowa a talakawan. Pickford, wadda ta tashi cikin rashi tana ciyar da gidansu tun tana yarinya, ta kai dala 10,000 a mako a 1916, a 1919 kuma tana cikin mutum huɗu da suka kafa kamfanin United Artists. Swanson ta auri wani basaraken Faransa a 1925, a wannan karon amaryar da guminta ta tara dukiyar.

In kin gama da Shoes, ki bi shi da The Blot, na Weber ɗin dai, 1921. Gidan wani malamin jami'a ne da albashinsa ba ya kai su ƙarshen wata, maƙwabcinsu baƙo mai sana'ar takalmi kuwa tukunyarsa ba ta sauka. 'Yar malamin ta kwanta ciwo saboda rashin abinci mai kyau, uwarta ta ɗauke kaza daga tagar maƙwabta, kunya ta kama ta ta mayar. Maza na son yarinyar, cikinsu akwai wani ɗalibin ubanta ɗan attajiri, akwai kuma wani matashin limamin coci da shi ma talauci ya yi wa kanta. Ɗan attajirin ya shiryu, ya matsa wa ubansa, wanda ke cikin masu kula da jami'ar, a kan a ƙara wa malamai albashi, kuma shi yarinyar ta karkata gare shi. Wani daraktan a nan zai tsaya, mai fiyano ya buga na murna. Weber ta juya kyamara ta bi limamin, yana tafiya shi kaɗai a kan titi cikin dare.